Kwatar Jimeta: Jiragen Yaƙi Sun Tafi, Tatsuniya Ta Rage

Daga Wakilinmu na Arewa, Mbamba, Yola

'Yan'uwanmu mazauna Ikko sun saba ganin matattun jiragen ruwa yashe a bakin teku, tsatsa tana cin su, ana ta ƙirƙira musu labaru. To, mu ma a nan Adamawa muna da irin namu kufai, ko da yake teku ta yi mana nisa. Duk wanda ya gangara tsohuwar kwatar Jimeta da rani, yashi zai tarar har tsakiyar Binuwai, sai 'yan kwale-kwale da masu ɗibar yashi. In ka zauna da mutanen wurin, wani zai ce maka Turawa sun binne dukiya kafin su tashi, wani ya ce akwai jirgin da aljanun ruwa suka riƙe. Har akwai samarin da suka yarda cewa tsofaffin ƙarafan Jamus suna ɗauke da wani sinadari mai tsadar gaske.

Abin da ya auku da gaske ya fi waɗannan labaru ban mamaki. Ta wannan kogi aka ci Yola. Tun kafin yaƙi, kamfanin Royal Niger yana ciniki ne a cikin wani jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, domin Lamiɗo bai yarda su kafa gindi a tudu ba. Lamiɗo Zubairu kuwa ya karɓi igwa biyu daga hannun wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Mizon, abin da ya ɓata wa Ingilishi rai ƙwarai. Ran 2 ga Satumba 1901, watau lokacin da ruwa ya cika, Kanar Morland ya iso da sojoji cikin jiragen ruwa ta wajen tafkin Njuwa. Aka gwabza, garin ya faɗi a ranar, Zubairu ya fita, aka naɗa Bobbo Ahmadu. A 1903 aka kashe Zubairu yana gudun hijira.

Bayan shekara goma sha uku yaƙi ya sāke biyo ruwan. Cikin Agusta 1914 sojan Ingila suka tashi daga Yola suka faɗa wa Jamusawa a Garwa, suka sha kashi, har kwamandansu ya mutu. Sai da aka hauro da wata igwa ta jirgin yaƙi tun daga bakin teku, kana Garwa ta miƙa wuya a Yuni 1915. Ina jin daga nan ne zancen dukiyar Jamus ya samo asali. Mutumin da ya ga Bature ya bar gari cikin gaggawa, ba wuya ya ɗauka ya bar wani abu a ƙasa.

Amma dukiyar da aka yi asara a fili take. Shekara da shekaru jiragen kamfanoni suna hawowa da damina, su kawo gishiri da yadi da kananzir, su sauka da gyaɗa da auduga da fatu zuwa Burutu da Warri. Ciniki ne ya raya Jimeta har ta zama gari. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar, motoci suka karɓe lodi, jiragen ba su ƙara komowa kamar dā ba. Sannan a 1982 Kamaru ta gama madatsar Lagdo a sama da Garwa. Tun daga nan cikar kogin ta sauya, yashi ya yi ta taruwa, Njuwa da ake bikin su a cikinta ta ja baya. Nijeriya ta yi niyyar gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin Ƙaramar Hukumar Fufore, don ta tare ruwan da aka sako. An shekara fiye da arba'in ana faɗa, ba a gina ba.

Saboda haka yau muna tsakanin masifa biyu. Da rani ba ruwan da zai ɗauki jirgi, da damina kuwa in an buɗe Lagdo sai gonaki da gidaje su nutse, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. A ambaliyar 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin ƙasar.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a 1997, hedkwatarta tana Lokoja. A Janairu 2019 Shugaba Buhari ya buɗe tashar Baro a kan Kwara, aka yi buki, aka watse, jiragen kaya ba su biyo baya ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa gina kwata ba tare da yashe kogi ba aikin banza ne. In za a taɓa Jimeta, to, Dasin Hausa da yasar Binuwai su ne farko.

Ku da ke sayen shanu da wake da masarar Adamawa a kasuwannin Kudu, kun fi kowa sanin abin da kuɗin mota yake ƙara wa buhu. Kuna da ƙungiyoyi, kuna da sarakunan Hausawa, 'yan majalisarku kuma suna zuwa neman ku in zaɓe ya matso. Wanda duk ya zo, ku tambaye shi nawa aka ware wa Dasin Hausa a kasafin bana, nawa kuma aka saki.