Abdullahi Ɗan Fodiyo: Gadon da ya kamata Bodinga ta farfaɗo da shi

A Ghana, duk ɗan makaranta ya san J.B. Danquah, lauya, masanin tarihi kuma ɗan siyasa da ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965, har akwai shataletale mai sunansa a Accra. Jihar Sakkwato tana da wanda ya haɗa waɗannan fannoni uku fiye da shekara ɗari kafin Danquah, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Bodinga kafin ya koma Gwandu da zama. Sai dai jama'a sun fi sanin sunansa fiye da abin da ya rubuta, kuma wannan babbar asara ce.

Malam Abdullahi shi ne ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804. Amma nasara ba ta rufe masa ido ba. Da ya ga kwaɗayin sarauta da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin mutanensu, sai ya bar komai ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano aka roƙe shi ya tsaya, kuma a nan ne, wajajen 1807, ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin mulki da shari'a da haƙƙin talaka a kan shugaba.

Bayan ya dawo, Shehu yana zaune a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, ya ɗora masa kula da yammacin daula a 1812, Muhammadu Bello kuma gabas. A shekarun nan ne ya haɗa Tazyinul Waraƙat, wanda masana ke komawa gare shi kan tarihin jihadi, da tafsirinsa Diya'ut Ta'awil. A Tazyin bai ɓoye laifin ɓangarensa ba. Wane jigon siyasa ne a yau zai rubuta tarihin jam'iyyarsa ya faɗi inda ta kauce?

Wasu za su ce zamani ya canja, mulkin ƙarni na 19 daban, dimokuraɗiyya daban. Gaskiya ne. Amma cutar da ya yi kuka da ita, ta mai da muƙami hanyar arziki, tana nan da ranta. Haka nan, da sarautar Musulmi ta koma hannun Bello bayan rasuwar Shehu a 1817, an samu saɓani, amma daga baya ya yi wa ɗan ɗan'uwansa mubaya'a, daula ba ta tsage ba. Masu ƙona jam'iyya saboda sun rasa tikiti suna da abin koyi a nan.

Sanya sunansa a babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo abin yabo ne, amma suna a jikin gini ba ya karantar da kowa. Marigayi Shehu Shagari, ɗan maƙwabciyar ƙaramar hukuma, ya nuna hanya da littafin da suka wallafa da Jean Boyd kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978. Ya kamata gwamnatin jiha da Majalisar Sarkin Musulmi su samar da Diya'ul Hukkam cikin sauƙaƙƙiyar Hausa, da boko da ajami, a raba wa makarantun sakandare da na Islamiyya, a fara da Bodinga da Sifawa. Yaron da ya karanta haƙƙinsa a kan shugaba, da wuya a saye ƙuri'arsa da taliya da sabulu.