Ƙaton rim ba ya riƙe kwalta: abin da matasan Barnawa da Kakuri za su koya daga 'yan tseren otokuros

Duk wanda ke bibiyar bidiyon wasan mota a TikTok da Instagram ya san abin da kyamara ke fara haskawa: rim mai ƙyalli, inci 18 ko 19, da siririyar taya kamar an naɗa masa zare. Daga Barnawa zuwa Narayi da Sabon Tasha, matashi na samun Corolla ko 406 abin da yake fara yi shi ne cire wilin da kamfani ya sa, ya ɗora ƙato. A nan kuɗin ke ƙarewa, sai a rufa da tayar gwanjo da ba a san shekarunta ba.

An juya lissafin ne. Abin da ke riƙe mota a kwana, yake kuma tsayar da ita idan an taka birki, roba ce. Kowace taya tana taɓa ƙasa ne da fili da bai wuce tafin hannu ba, kusan faɗin fuskar babbar waya. A kan waɗannan tafuka huɗu nauyin mota da rayukan da ke cikinta suka dogara. Masu sayen waya sun riga sun koyi irin wannan darasi: yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ba shi ne kyawun hoto ba. Inci a rim ma haka yake.

Masu auna komai da agogo

A Amurka akwai wasan da ake kira otokuros. Ana samun fili mai faɗi, kamar wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, a jera robobin alama irin waɗanda ake sawa a wurin aikin hanya, su zama siririyar hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, zagaye ɗaya yakan ɗauki kusan minti ɗaya, gudun kuma da wuya ya wuce kilomita 100 a awa. Wanda ya ture roba ɗaya ana ƙara masa daƙiƙa 2. Ƙungiyar SCCA ce ke shirya mafi yawan gasannin, kuma babbar gasarta ta shekara ana yin ta a Lincoln da ke jihar Nebraska.

Abin lura shi ne dokar rukunin motocin da ba a yi wa gyare-gyare ba. An yarda mutum ya ƙara ko ya rage inci ɗaya kacal a kan rim ɗin kamfani, faɗinsa kuma ya tsaya yadda yake. Gardamar 'yan wasan kusan duk a kan roba take: Bridgestone Potenza RE-71RS ce ta fi, ko Yokohama Advan A052, ko Falken Azenis RT660? Da yawansu ma sukan sauko da inci ɗaya idan birkin motar ya ba da dama, saboda ƙaramin rim ya fi sauƙin nauyi, tayarsa kuma ta fi araha. Mutanen nan ba su da abin burgewa sai agogo, agogo kuwa ba ya ganin ƙyalli.

Gasar rali ta duniya ta ƙara fito da maganar fili. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta motocin na amfani da rim inci 18, amma da zarar an koma hanyar tsakuwa da ƙasa sai a sauya zuwa inci 15 mai taya mai tsayin gefe. Mota ɗaya, direba ɗaya, hanya ce ke zaɓen rim. Duk wanda ya san lungunan Romi da Gonin Gora da damina ya san wacce daga cikin biyun ta fi kama da hanyar gidansu.

Kakuri ma tana da nata tarihin. Masana'antar Peugeot da ta fara haɗa motoci a can a 1975 ta cika ƙasar nan da 504, motar da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Kaduna da Kano da Jos a kan rim inci 14. A wannan shekarar ta 1975 ɗin ne 504 ta lashe Safari Rally a Kenya.

Lissafin da ke jikin taya

Lambobin da ke gefen taya ba ado ba ne. A ɗauki 195/65 R15, girman da ake samu a Corolla da 406 da yawa. 195 faɗin taya ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 127. 15 kuma girman rim ne a inci. Tsayin taya gaba ɗaya ya kama kusan milimita 635.

Idan za a ƙara rim, dole wannan 635 ɗin ya tsaya kusan yadda yake, saboda haka gefen taya ne ke raguwa. 205/55 R16 na da gefe milimita 113. 225/45 R17 na da 101. 225/40 R18 na da 90. Daga inci 15 zuwa 18 an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100 na matashin iskar da ke tsakanin rim da bakin rami. Wannan ne dalilin da ya sa mai ƙaton rim ke yawan zuwa wurin mai faci da taya mai ƙulu a gefe, ko rim da ya lanƙwashe yana sacen iska. Dukan da taya ta kasa shanyewa kuma shokozoba da sauran kayan ƙafa ne ke karɓarsa.

Wanda bai yi lissafin ba yakan faɗa wata matsalar. Idan aka ɗora 245/45 R18 a wurin 195/65 R15, tsayin ya tashi zuwa kusan milimita 678. Allon gudu zai nuna 100 alhali motar na kan 107, tayar na iya gogar jikin mota idan an karya sitiyari, kuma motar za ta yi nauyin tashi. Ana iya gane wannan da waya: a buɗe manhajar da ke nuna gudu ta GPS, kamar Waze, wanda ke zaune a gefe ya kwatanta da allon mota.

Sai batun mai. A 2010 mujallar Car and Driver ta gwada Volkswagen Golf ɗaya da rim daga inci 15 har 19. Da aka kai 19 motar ta rage saurin tashi, shan manta kuma ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan ba ƙaramin haraji ba ne a kan ado.

Inda masu ƙaton rim ke da gaskiya

Ba a ce babban rim ba shi da amfani ko kaɗan ba. Gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai, shi ya sa sitiyari ke amsawa da wuri a kan kwalta mai kyau. Mota mai manyan birki ba ta ma karɓar ƙaramin rim. Formula 1 kanta ta tashi daga inci 13 zuwa 18 a 2022. Sannan kyau ma wani abu ne; mai kuɗinsa yana da ikon ƙawata motarsa.

Sai dai hanyoyin Formula 1 ba su da rami, kuma ana sa wa motocin sabuwar taya sau da yawa a yini ɗaya. Ga mai mota ɗaya da zai je aiki da ita, ya kai yara makaranta, ya bi titin Kachia da daddare, ƙarin inci ɗaya ya wadatar. Kuɗin da za a zuba a rim huɗu inci 18 zai yi nisa wajen sayen sababbin tayoyi huɗu inci 15 ko 16 na kamfanin da aka sani.

Haka kuma ba a ce kowa ya je ya nemo tayar tsere ba. Irin waɗanda 'yan otokuros ke sawa suna ɗauke da lambar ƙarko 200, robarsu mai laushi ce, tana cinyewa da wuri, kuma zanenta kaɗan ne, ba ta son ruwan da ya kwanta a hanya. Tayar yau da kullum takan ɗauki lamba 400 zuwa sama. A garin da ruwan Agusta ke cika titi cikin minti kaɗan, taya mai zurfin zane da harafin A ko AA na riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, da A na jure zafi, ita ce mai riƙon gaske.

Gwanjo ne babban haɗarin

Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Legas a 2008. Tun daga nan kasuwa ta koma hannun kayan waje, ciki har da tsofaffin tayoyin da aka cire a Turai da Amurka. Wasunsu na lokacin sanyi ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi don yanayin da bai kai digiri 7 ba. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna irin wannan roba tana yin laushi fiye da kima, ta ƙara nisan tsayawa idan an taka birki.

Shekarun taya a rubuce suke. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Zane kuma idan ya sauka zuwa milimita 1.6, tayar ta gama aiki. Fitilar waya da kyamara sun isa a duba duka biyun kafin a biya kuɗi.

Mutanen Kaduna ba su buƙatar a ba su labarin nesa. A ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe. Babbar mota ce mai tsada, amma taya ɗaya ta isa.

Na'urar da ta fi rim daraja

Abu mafi arha da ke ƙara riƙo shi ne iska daidai. Adadin da kamfani ya tsara yana manne a jikin ƙofar direba, kuma ana aunawa ne da safe kafin taya ta yi zafi. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne. Ƙaramin gejin iska na dijital yana shiga aljihu, akwai kuma na'urorin TPMS da ake ɗaurawa a bakin bawul, su aika matsin iska da zafin kowace taya zuwa waya ta Bluetooth. 'Yan otokuros sukan auna iska bayan kowane zagaye, domin bambancin PSI 2 ko 3 na canza yadda mota ke shiga kwana.

Wannan ya kawo batun wasan motar kansa. Ƙona taya a titin unguwa ranar biki, tsakanin 'yan kallo da yara, ba ya nuna wanda ya iya tuƙi. Yana nuna wanda zai iya sayen wata taya gobe. Tsallaken gada ba a rasa manyan filaye ba, musamman a yankin masana'antu na Kakuri da Kudenda. Da matasa za su haɗa ƙungiya, su nemi izinin masu fili da hukuma, su jera robobin alama, su sa hular kwano, su ajiye 'yan kallo nesa, manhaja irin RaceChrono za ta iya riƙe lokacin kowa a waya. A ranar farko za a ga Corolla mai rim inci 15 da sabuwar taya ta bar mai inci 19 da gwanjo a baya, kuma wannan bidiyon ma zai samu masu kallo.