Kofin kaka ba ya gina ƙungiya

Da zarar an kwashe masara da dawa daga gonakin ƙasar Musawa, sai filayen makarantun firamare su cika da matasa bayan sallar la'asar. A lokacin ne ake shirya gasar cin kofi, galibi da sunan wani mai kuɗi ko wani mai neman kujera. Za a sayi riguna, a yi hayar lasifika, unguwa ta kara da unguwa, ƙauye ya kara da ƙauye. Ranar wasan ƙarshe gari kan tashi kamar ranar hawan sallah. Bayan mako guda kofin yana kan kantar wani shago yana shan ƙura, rigunan sun watse a hannun 'yan wasa. Da shekara ta zagayo sai a sake taruwa da sabon suna, a ƙarƙashin sabon ubangida. Wanda ya tambayi wace ƙungiya ce ta ci kofi shekara goma da suka wuce zai sami amsa uku daga bakin mutum uku.

Haka lamarin yake daga Musawa zuwa Malumfashi har Funtua. Ana buga ƙwallo sosai, gwanaye kuma suna nan, amma ƙungiya mai shekara talatin da suna ɗaya da littafin tarihinta abu ne mai wuyar samu. Dalilin ya fi ƙarancin kuɗi zurfi. Ƙungiyoyin suna rataye ne a wuyan mutum ɗaya, idan ya gaji ko ya faɗi zaɓe sai su faɗi tare da shi.

Akwai darasi a wani wasa da ba a san shi ba a ƙasar Hausa, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Hershey, wanda Milton Hershey ya gina a kewayen masana'antarsa ta cakulan. A farkon shekarun 1930 aka kafa ƙungiyar wannan wasa a garin, a 1938 ta shiga gasar da ake kira AHL a yau, wadda ke mataki na biyu a ƙasan babbar gasar NHL. Hershey Bears ba ta taɓa hawa babbar gasa ba, tsarin can ma bai ba da wannan hanya ba. Aikinta shi ne rainon matasan 'yan wasa ga babbar ƙungiya, tun 2005 kuwa Washington Capitals take yi wa wannan aiki. Duk da haka ta ɗauki kofin Calder sau 13, na baya-bayan nan a 2023 da 2024, kuma ba ta bar garin ba. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa na wannan wasa sun sauya gari ko sun rushe a tsawon waɗannan shekaru.

Abin da ya riƙe ta shi ne yadda aka mallake ta. Milton Hershey ya rasu a 1945, amma tun kafin nan ya sanya dukiyarsa a wata amana da ke kula da makarantar marayu da ya kafa a 1909. Kamfanin da ke da ƙungiyar yana ƙarƙashin wannan amana. Mai gida ya tafi, abin da ya dasa ya ci gaba, domin ya ɗora shi a kan ƙa'ida da rubutu. Bahaushen da ya san waƙafi ba zai ga wannan tsari a matsayin baƙon abu ba.

Tarihin ƙwallon ƙafa a Nijeriya cike yake da akasin haka. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, a shekarar ne kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele yana cikin fili. Yau sunanta sai a bakin dattawa. Leventis United ta Ibadan ta ci gasar ƙasa a 1986, Abiola Babes ta Abeokuta ta ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987. Kafin shekarun 1980 su ƙare masu su sun janye hannu, ƙungiyoyin biyu suka watse suna kan ganiyarsu.

Jihar Katsina ma tana da nata labarin, wanda matasa da yawa ba su sani ba. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, ta sha kashi a hannun Shooting Stars, sannan Julius Berger, sannan Eagle Cement. Daga cikin waɗannan uku, ɗaya ce kawai ta rage da sunanta. Julius Berger ta ɓace bayan kamfanin ya saki hannu, Eagle Cement ta zama Dolphins, a 2016 aka haɗe ta da Sharks aka samar da Rivers United. Ita kanta Katsina United ta nutse zuwa ƙananan gasa, ta yi shekaru da sunan Spotlight, sai a 2016 ta sami komawa babbar gasa da tsohon sunanta. Ta sake faɗuwa a 2022 tare da Kano Pillars, suka dawo tare a 2023. Ƙarfinta yana hawa yana sauka ne gwargwadon sha'awar gwamnatin da ke kan mulki, wato ita ma ubangida gare ta, sai dai nata yana sauyawa a akwatin zaɓe.

Za a iya cewa wannan zance ne na mai ƙoshi. Manomin Musawa yana fama da tsadar taki, yankin kudancin Katsina ya sha wahalar 'yan bindiga, wa ke da sararin tunanin littafin ƙungiya? Ƙorafin yana da nauyi. Sai dai kuɗin da ake kashewa a kofunan kaka ana kashe shi ne ko da an yi gyara ko ba a yi ba. Tambayar ita ce ko zai bar wani abu a baya. Kuma a wurin da zaman banza ya zama ƙofar da ɓarna ke shigowa, ƙungiyar da ke tara samari talatin kowane yammaci, ta san sunan kowa da na mahaifinsa, tana yin aikin da ya wuce wasa.

Wani kuma zai kawo misalin Remo Stars, ƙungiyar ƙaramin garin Ikenne a jihar Ogun, wadda attajiri ɗaya, Kunle Soname, ya gina. Ta hau babbar gasa tare da Katsina United a 2016, ta kuma ci gasar ƙasa a 2025. Gaskiya ne mutum ɗaya yana iya kai ƙungiya nesa, musamman idan ya gina fili da makarantar horo kamar yadda aka yi a Ikenne. Amma jarrabawar irin wannan ƙungiya tana zuwa ne ranar da mai ita ya janye, kuma Leventis da Abiola Babes sun nuna yadda sakamakon kan kasance.

Yankin Funtua da Malumfashi ba ya rasa tubalin gini. Ƙasa ce ta auduga da hatsi, mai ƙungiyoyin manoma, da na dillalan hatsi, da na direbobi, waɗanda suka iya tara kuɗin mako da riƙe asusu shekara da shekaru. Abin da ake buƙata kaɗan ne. Gari ya tsayar da suna ɗaya da launin riga ɗaya da ba za su sauya da sauyin mai ba da tallafi ba. A yi rajistar ƙungiya da amintattu daga masarauta da 'yan kasuwa da malaman makaranta, mambobi su riƙa biyan ɗan abin da ya sawwaƙa bayan girbi. A yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, domin tsani yana nan daga gasar jiha zuwa NLO, zuwa NNL, har babbar gasa. Mai kuɗi da ɗan siyasa su ba da gudummawa a rubuta, a gode musu, ƙungiya ta ci gaba da zama ta gari. Sannan a sayi littafi mai bango, a damƙa shi ga malami ɗaya ya riƙa rubuta ranar wasa da sunayen 'yan wasa da sakamako.

'Yan asalin yankin da ke aiki a Katsina da Kaduna da Abuja su ne aka fi kira a waya idan gasa ta matso. Suna da damar su sa sharaɗi kafin su tura kuɗin riguna: a nuna musu littafin bara da sunayen amintattu. Kaka na nan tafe, za a sake buga wasan ƙarshe a Musawa, kuma littafin bai kai kuɗin ƙwallo ɗaya ba.