Wa Ya Tsara Tambayar?

Duk lokacin da mutanen wani yanki suka yi kuka a kan yadda ake mulkinsu, sai a ce musu, "Ai kakanninku sun jefa ƙuri'a, magana ta ƙare." 'Yan'uwa, wannan amsa ba ta isa ba. Ƙuri'ar raba gardama ba ta fi tambayar da aka yi gaskiya ba, ba ta kuma fi yadda aka ƙidaya ta adalci ba.

Mu dubi Kamaru ta Ingila. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba mutanenta zaɓi biyu tak: ko su haɗu da Nijeriya, ko su haɗu da Jamhuriyar Kamaru. Masu son su tsaya da ƙafarsu kuwa, ba a ajiye musu akwati ba. Aka ƙidaya Arewa dabam, Kudu dabam. Arewa ta zaɓi Nijeriya, ta zama Lardin Sardauna. Kudu ta zaɓi Kamaru, ta shiga tarayya ran 1 ga Oktoba.

To, shekara biyar kafin nan, a 1956, an yi irin wannan ƙuri'a a Togo ta Ingila, amma can sai aka haɗa ƙasar duka aka ƙidaya. Kashi 58 cikin ɗari suka yarda da haɗuwa da ƙasar da ta zama Ghana. Yawancin Ewe na kudu ba su so ba, amma ƙuri'un arewa suka danne nasu. Mai mulki ɗaya, majalisa ɗaya, mudu biyu. Da an auna Togo da mudun Kamaru, lalle da taswira ta sāke.

Bai tsaya nan ba. Ran 20 ga Mayu 1972 Shugaba Ahmadu Ahidjo ya kira ƙuri'a domin a rushe tarayyar. An ƙidaya ƙasar gaba ɗaya, aka ce fiye da kashi 99 sun amince. Ashe alkawarin da aka yi wa marasa rinjaye, masu rinjaye ne suka warware shi. Rikicin da ya tashi a yankin masu Turancin Ingilishi a 2016, wanda ya ci rayuka masu yawa, saiwarsa tana nan.

Wani zai ce, ai ƙuri'a ta fi bindiga. Gaskiya ne, gama ba mai hankalin da zai so jini. Amma ƙuri'ar da aka karkata jinkirta bindigar kawai take yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saboda haka in an zo muku da akwati, kada ku yi saurin dangwala yatsa. Ku tambaya tukuna: wa ya tsara tambayar? Wace amsa aka hana? Da wa za a haɗa mu a ƙidaya? Wa kuma zai tsare alkawarin bayan an kwashe akwatunan?