Fatsar Gashin Zabuwa

Yau ba zancen farashin albasa zan yi ba.

Da hutun makaranta, autana mai shekara 16 ya nuno mini wani Bature a waya, ya shiga tafki har ƙugu yana wurga zare. Fatsar tasa ba tana, ba fara. Gashin tsuntsu ya ɗaure mata har ta zama kamar ƙwaro, ta sauka kan ruwa a hankali, sai wani ƙaton kifi ya taso ya cafke. Sunansa trout, kifin ruwan sanyi ne, ba ya jure zafin ruwanmu. Da ya kama kuma sai ya sake shi! Na ce wannan bai taɓa kwana da yunwa ba.

Yaro ya nace sai mun gwada. Da zan kai kaya Dapaong daga Sokode na tafi da shi. Muka wuce Bafilo da Kara da Kante, muka yada zango a Mango, bakin kogin Oti. Gashin zabuwa ya ɗaure da zaren ɗinki.

Tun hantsi muke jifa har azahar, ko motsi. Wani dattijon masunci da ke gyaran komarsa ya ce, "Alhaji, kifi ba ya tasowa da rana tsaka. Ku bari inuwa ta sauka, ku ga abin da yake ci tukuna."

Muka yi salla, muka zauna. Wallahi tunda aka haifi yaron nan ban taɓa zama da shi awa uku ba ciniki a tsakaninmu ba. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, da ma akwai maganar da nake so in yi." Ashe ya ji ina shirin cire shi daga makaranta bana in damƙa masa shagon Dapaong. Shi kuwa so yake ya kai ga jarrabawar bak. Wata biyar yana riƙe da maganar, bai ga fuska ba.

Raina ya sosu, don shagon nan na daɗe ina gina masa shi. Amma ban iya faɗa ba. A bakin ruwa ba a ɗaga murya.

Bayan la'asar wani abu ya fizgi zaren, ya tsinka shi nan take. Dattijon ya yi dariya, ya ce tsage ne, haƙoransa sai waya. Muka sayi karfasa biyu a hannunsa, kada mu shiga gari da kunya.

Shagon dai ɗan ƙanena ke riƙe da shi, ciniki ya ɗan ja baya, ba zan ɓoye muku ba. Yaro ya koma aji. 'Yan uwana fatake, yaushe rabon ku zauna da ɗanku har ya gaji da shiru ya yi magana?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.