Masu Zuwa Jinya Indiya Ma Suna Buƙatar Bita

Magidancin da ya tashi daga Kekun Waje ko Bungudu zai kai mahaifinsa asibiti a Indiya ba ya buƙatar wani ya koya masa taka-tsantsan a hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ya san lokacin da ake wuce Tsafe da lokacin da ake haƙura a kwana. Ya san direban da zai bi, ya san inda zai ɗinke kuɗinsa, ya kuma san ba kowa ake gaya wa ranar tafiya ba. Sai dai duk wannan wayo a filin jirgin Malam Aminu Kano yake ajiye shi. Idan ya biyo ta Addis Ababa ko Doha ya sauka a filin jirgin Indira Gandhi da ke Delhi, sai ka ga ya damƙa fasfonsa, da dalolin gonar da aka sayar, da ran majinyacinsa, a hannun mutumin farko da ya yi masa sallama da Hausa.

Wani ɓangare na laifin na fim ne. Bahaushe gani yake ya san Indiya ciki da bai. Shi ne ya raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, ya raɗa wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, yanzu kuma ga fassarar Algaita a kowace waya. Keken da ya hau daga Tudun Wada zuwa tasha ma ƙirar can ce. Amma Delhi ta gaskiya, ita da garuruwan da suka manne mata, tana ɗauke da mutum sama da miliyan 30, kuma babu jarumin da zai diro daga saman bene ya ƙwato wa baƙo jakarsa.

Damfarar bakin titi tsohuwa ce, salonta kuma bai cika canzawa ba. Direban tasi zai ɗauki baƙo cikin dare, a yi ta zagaye, can ya tsaya ya ce unguwar da otal ɗin yake an rufe ta saboda biki ko tarzoma. Zai ma kira waya a gaban idonka, wani ya amsa da sunan ma'aikacin otal ya tabbatar da zancen. Daga nan sai wani ofishi mai allon da ke cewa na gwamnati ne, inda za a sayar wa baƙo ɗaki mai ɗan karen tsada ko tafiyar da bai shirya ba. Irin waɗannan ofisoshi sun yi yawa a kewayen Connaught Place da Paharganj, alhali ofishin yawon buɗe ido na gwamnatin tarayyarsu yana lamba 88 a titin Janpath. A ƙofar babbar tashar jirgin ƙasa ta New Delhi kuwa, wani ne zai tare ka da katin shaida a wuya, ya ce an soke jirginka ko an tashi ofishin sayar wa baƙi tikiti. Duk wanda ya taɓa faɗawa hannun 'yan kamasho a tashar mota ya san karatun. Harshen ne kawai ya bambanta.

Maganin wannan ba shi da wuya. A filin jirgi akwai rumfar tasi da ake biyan kuɗi tun kafin a hau, a karɓi rasit, kuma ba a miƙa wa direba rasit ɗin sai an isa. Akwai Uber da Ola. Akwai jirgin ƙasa na zamani da ke kai mutum tsakiyar gari cikin kimanin minti ashirin. Mai majinyaci kuwa, manyan asibitoci suna da sashen kula da baƙi, suna kuma aiko mota idan an nema tun daga gida.

Sai batun takardun rupi. Wanda ya ga canjin kuɗi na 2023 a Najeriya zai gane: a ranar 8 ga Nuwamban 2016 Indiya ta soke tsofaffin takardun 500 da 1,000 a dare ɗaya, a 2023 kuma ta fara janye na 2,000. Baƙon da bai san kalar sabuwar ɗari biyar ba, ana iya haɗa masa da matacciya. Wani direban kuma hannunsa ya fi ido sauri: ka ba shi 500, ya nuna maka 50 ya ce ita ka bayar. Shi ya sa ake faɗin adadin da baki kafin a saki takardar.

Waɗannan duk ƙananan ɓeraye ne. Asarar da ke sa iyali su dawo gida da gawa da bashi ba a bakin titi ake yinta ba.

Jaridun Indiya sun sha ruwaito yadda wasu gungu ke fakon majinyata 'yan ƙasashen waje a kusa da manyan asibitocin Gurugram da kudancin Delhi. Mota za ta tsaya, mutane cikin farin kaya su nuna kati su ce su jami'an yaƙi da ƙwaya ne, su nemi fasfo, su ce a buɗe jaka su shinshina. Kafin baƙo ya farga, damin dala ya bi mota. Sun san abin da suke nema, don sun san mutanen Iraƙi da Afirka da kuɗin aiki a jiki suke yawo. Namu ma haka ne, saboda wahalar tura kuɗi ta banki. Dokar Indiya ta ce wanda ya shigo da tsabar da ta haura dala 5,000 ya bayyana ta ga kwastan, kuma wannan takardar kariya ce gare shi. Abin da ya fi shi ne kuɗin su shiga asusun asibiti a ranar farko, a karɓi rasit mai sunan majinyaci. Wanda ya tare ka a hanya kuma, a ce masa a tafi caji ofis, ko a kira 112. Akwai kuma 1363, layin taimakon baƙi da ke aiki dare da rana, har da Larabci da Faransanci.

Amma mafi ciwo shi ne na ɗan gida. An ce da ɗan gari kan ci gari, gaskiya ne, sai dai wani lokacin da ɗan garin ake cin baƙo. Tsakanin majinyaci da likita akwai wata sana'a da ta kafu: tafinta ne, dillali ne, mai nemo masauki ne, ɗan canji ne, duk a mutum ɗaya. Da yawansu ɗalibai ne ko tsofaffin ɗalibai 'yan Arewa, kuma a cikinsu akwai mutanen kirki da suka kwana a kan benci tare da iyalan da ba su haɗa komai da su ba. Bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Matsalar tana cikin tsarin kansa: dillali la'ada yake karɓa daga asibitin da ya kai mutum, la'adar kuma daga cikin kuɗin aikin take fita. Ke nan asibitin da ya fi biyansa ba lallai ne ya zama wanda ya fi iya ciwon ba. Idan shi ne ya karɓi takardun gwaji, shi ya fassara maganar likita, shi ya canja dala, shi ya biya a kanta, to majinyaci bai ga komai da idonsa ba, bai ji komai da kunnensa ba. Kunya ce ke kashe mu a nan. Mutum yana jin nauyin ya ce wa wanda ya tarbe shi, ya ba shi tuwo a baƙon wuri, "Malam, ina rasit?" Alhali a kasuwar shanu ba ya jin wannan nauyin.

Wasiƙar gayyata da ƙiyasin kuɗi su fito kai tsaye daga asibiti, a kuma nemi na asibiti biyu ko uku a gwada. Wannan aikin awa ɗaya ne ga yaron da ya iya intanet.

Masu dashen ƙoda su ne suka fi shiga haɗari. Dokar Indiya ta 1994, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 2011, ta haramta cinikin sassan jiki, da ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Baƙo da mai ba shi ƙoda sai sun bayyana gaban kwamiti, sai kuma ofishin jakadancin ƙasarsu ya tabbatar da dangantakarsu. "Ɗan'uwa" a bakin Bahaushe faɗi gare shi, amma a dokar can makusanci shi ne uwa, uba, ɗa, 'ya, wanda kuka fito ciki ɗaya, miji ko mata, kaka ko jika. Ɗan baffa ma sai an yi dogon bincike. Saboda haka duk wanda ya ce "ku dai taho da kuɗi, akwai ƙoda a ƙasa", gidan yari yake nuna muku. An bankaɗo irin wannan harƙalla a Gurugram tun 2008, kuma ba a daina kamawa ba. Wanda yake ganin muƙami zai fitar da shi ya tuna Sanata Ike Ekweremadu da kotun Landan ta ɗaure a 2023. Kafin ma a kai ga sayar da gona, ya dace a tambaya a gida: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002.

Magani ma haka. A watan Maris na 2024 'yan sandan Delhi suka kama wani gungu da ke tara kwalaben maganin ciwon daji da aka yi amfani da su, suna ɗura musu maganin arha, suna sayarwa a matsayin na gaske, kuma har da ma'aikatan asibiti a cikin waɗanda aka kama. Wanda aka ce masa akwai wani shago a lungu da ke ba da rabin farashi ya tuna da wannan.

Ga kuma saƙo. A wajenmu ƙin karɓar saƙo rashin mutunci ne, amma a filin jirgin Delhi ƙullin da ba ka san cikinsa ba zai iya cin shekarunka. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985 ba ta jin "wallahi ba nawa ba ne", kuma tun 2018 aka sa tiramadol a ƙarƙashinta. Koren fasfo kansa yana jawo ido. Laifin wasu tsiraru ya shafa wa kowa kashin kaji, har ta kai a Maris na 2017 gungun mutane suka far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida bisa zargi kawai. Don haka takardu su kasance tsaf: katin rigakafin shawara, kwafin fasfo a aljihu, rajista da ofishin kula da baƙi na FRRO cikin kwana 14 ga mai bizar da ta wuce kwana 180. Idan jinya ta ja, a nemi ƙarin wa'adi da wasiƙar asibiti kafin biza ta ƙare, ba ta hannun mai cewa ya san wani a ciki ba.

Ba a ce kada a fita ba. Wanda Allah ya ba majinyacinsa sauƙi, ya je ya yi salla a Masallacin Jama da Sarki Shah Jahan ya gina, ya ci nama a Nizamuddin, ya hau jirgi zuwa Agra. Ya dai sani Taj Mahal a rufe yake ga masu ziyara ranar Juma'a, komai daɗin bakin mai sayar da tikiti.

Abin tambaya shi ne, wa zai gaya wa mutumin Kekun Waje duk wannan? Maniyyaci kafin ya tafi Makka sai ya zauna bita makonni, an koya masa ɗaura harami, an nuna masa riyal, an gargaɗe shi kan ɗaukar kayan wani, sannan a haɗa shi da jami'ai da likitoci. Mai zuwa Delhi kuɗinsa sau da yawa sun fi na kujerar Hajji, ga rai a hannunsa, amma abin da yake tafiya da shi lambar waya ce guda da aka ba shi a majalisa. Likitan da ya rubuta masa takardar tura shi waje a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura shi ne jami'i na ƙarshe da zai gani.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ba ta buƙatar sabon gini kafin ta gyara wannan. Tebur ɗaya ne a Gusau, da ma'aikaci ɗaya, da takarda shafi biyu cikin Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da waɗannan gargaɗi da lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke Chanakyapuri. A karanta ta a rediyon jiha, a ba limamai da hakimai, a kuma nemi waɗanda suka je suka dawo su zauna da masu shirin tafiya. Kwamishinan Lafiya, a taimaka a buɗe wannan tebur kafin wata gonar ta sake tafiya.