SHARHI: Riƙe gudummawar siyasa don neman gyaran asibiti: shin wannan makamin zai yi kaifi a Mubi?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, zaurukan manyan 'yan kasuwar Mubi sukan cika da baƙi. Dillalan kasuwar shanu, masu motocin haya da masu gidajen mai sun saba da buƙatun: motar kai magoya baya gangami, jarkokin fetur, kuɗin buga fosta, da abincin wakilan jam'iyya a rumfunan zaɓe. Yawanci ana bayarwa ba tare da sharaɗi ba, sai dai fatan a tuna da mutum idan an hau kujera.

Yayin da aka tunkari zaɓen 2027, akwai tambayar da ta kamata a auna. Me zai faru idan waɗannan masu gudummawa suka haɗa baki suka ce ba za su fitar da ko sisi ba, sai ɗan takara ya rattaba hannu kan abin da zai yi wa cibiyoyin lafiya na yankin?

Yadda aka gwada a Amurka

Dabarar ta yi tashe a Amurka a 2009 da 2010, lokacin da gwamnatin Barack Obama ke fafutukar gyara tsarin inshorar lafiya. Ƙungiyoyin ƙwadago da masu ra'ayin sauyi a jam'iyyar Democrat sun nace sai dokar ta ƙunshi inshorar gwamnati da za ta yi gogayya da ta kamfanoni. Sun yi barazanar janye kuɗi da goyon baya daga duk ɗan majalisar jam'iyyarsu da ya ja da baya.

Sakamakon bai zo yadda suka so ba. A Disambar 2009 Majalisar Dattawa ta cire wannan tanadi domin samun ƙuri'u 60 da ake buƙata, kuma Obama ya sa hannu kan dokar a ranar 23 ga Maris, 2010 ba tare da shi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun huce kan Sanata Blanche Lincoln ta jihar Arkansas, inda suka kashe kusan dala miliyan 10 don kayar da ita a zaɓen fidda gwani. Ta tsallake da ƙyar, sannan ta faɗi a babban zaɓe, kujerar ta koma hannun John Boozman na Republican, wanda ke adawa da dokar baki ɗaya.

Ke nan ko a ƙasar da 'yan takara ke dogaro da dubban masu ba da gudummawa, kuma ake wallafa sunayen masu bayarwa, makamin ya iya yanka mai riƙe da shi.

A nan kuɗin gangarowa yake yi

A Najeriya lissafin ya sha bamban. Kuɗin siyasa daga sama yake gangarowa zuwa ƙasa. Ɗan takara ne ke ɗaukar nauyin jam'iyya, shi ke biyan hayar ofis, shi ke sallamar daliget. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. A Disambar 2014, a liyafar dare ɗaya a Abuja, an yi alƙawarin sama da naira biliyan 21 don yaƙin neman zaɓen Goodluck Jonathan. Mai irin wannan gata ba zai rasa barci ba don wani ɗan kasuwa a Mubi ya hana shi fetur.

Doka ma ta taƙaita fagen. Sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko na ɗan takara. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfanoni yin haka. Saboda haka ƙungiyar likitoci ko ta 'yan kasuwa ba za ta iya yin abin da ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka suka yi ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta bar ƙofa a wancan lokacin ga ɗaiɗaikun mutane, har zuwa naira miliyan 50 ga ɗan takara guda, amma galibin gudummawar tana wucewa ne hannu da hannu, babu rasit. Abin da ba a rubuta an bayar ba, da wuya a nuna wa duniya cewa an janye shi.

Duk da haka Arewa tana da tarihin siyasar da talaka ya biya da aljihunsa. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta rayu ne da kuɗin katin mambobinta. Gabanin zaɓen 2015 talakawa sun sayi katin tallafa wa takarar Muhammadu Buhari. Gudummawar ta tafi ne bisa ƙauna da amana, ba a ɗaura mata wata rubutacciyar buƙata ba, don haka babu takardar da za a ɗauko daga baya a yi hisabi da ita.

Bashin da Mubi ke bi

Mubi ta san tsadar raunin asibiti. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye garin, jama'a da ma'aikata suka watse, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi. Harin bam na masallaci a Nuwamban 2017 ya hallaka kimanin mutum 50, wani ya biyo baya ranar 1 ga Mayu, 2018. A lokacin, mai mummunan rauni sai an yi tafiyar kusan kilomita 200 da shi zuwa Yola. A cikin watan Mayun ne kuma cutar kwalara ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu.

Abin lura shi ne, gyaran da ake nema ya riga ya zama doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Dokar ta kuma ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi nasu kason na kashi 25. A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya, tare da asusun marasa galihu. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta kai rabinsa a yawancin shekaru. Fiye da kashi 70 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita.

Adamawa ma ba baƙuwa ba ce a harkar. Tana cikin jihohi uku, tare da Nasarawa da Ondo, da aka gwada shirin Bankin Duniya na tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun cibiyoyin lafiya gwargwadon aikin da suka yi, kuma a Fufore aka fara gwajin. Ma'aikatan jihar sun san yadda tsarin ke tafiya. Matsalar tana wajen sakin kuɗi a kan kari da ɗaukar ma'aikata.

Inda ƙarfin yake

Idan kuɗin magoya baya bai isa ya razana ɗan takara ba, ƙuri'unsu sun isa. A 2019 Ahmadu Umaru Fintiri ya kayar da gwamna mai ci, Jibrilla Bindow, ɗan Mubi, da tazarar kimanin ƙuri'a dubu 40. A 2023 tazarar da ke tsakanin Fintiri da Aishatu Binani ba ta kai haka ba. A jihar da ake cin zaɓe da irin wannan rata, mutumin da ke ba da motoci ashirin ranar zaɓe, ko mai unguwar da ke samar da wakilan rumfa, yana da darajar da ta wuce kuɗin da ya kashe. Wannan hidimar ce za a iya riƙewa har a ji a jika.

Amma sai an cika sharuɗɗa uku. Na farko, buƙatar ta zama mai ƙirguwa: ungozoma nawa a kowace mazaɓa, cibiyoyi nawa za su yi aikin dare, marasa galihu nawa za a yi wa rajistar inshora, kuma zuwa yaushe. Na biyu, a miƙa ta ga dukkan 'yan takara a bainar jama'a, domin kada ta zama cinikin mutum ɗaya da ubangidansa. Na uku, masu riƙewar su tsaya tare, domin idan ɗaya ya janye shi kaɗai, ɗan kwangila zai cike gurbinsa kafin gari ya waye, shi kuma ya yi biyu babu.

Ga ma'aikatan tarayya da hadiman 'yan siyasa, darasin ya fi kusa. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya cikin 'yan makonni. An ga cewa idan mai bayarwa ya janye hannu da gaske, kuɗi na samuwa. Yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya da gwamnoni suka sa wa hannu a Disambar 2023, ƙarƙashin Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate, ta yi alƙawarin ninka yawan cibiyoyin da ke samun kuɗin asusun kai tsaye. Hadimin da ya iya ajiye wa maigidansa jerin cibiyoyin Mubi da suka karɓi nasu kason, da ranar da kuɗin ya shiga, ya tanadar masa amsa tun kafin masu zauren su yi tambayar.